Jar Fitila

Batir na uku ke nan tun watan Azumi.
Na farko na ce tsufa ne,
na biyu na ce ɗan kasuwa ya cuce ni,
na uku ya mace mini a Kwannawa da azahar,
rana na dukan bonet kamar ta biyo bashi,
sai na rasa wanda zan zarga.

A-kori-kura ta ja mu da igiya har Sahara,
ni da Fijo fo-o-fo ta Baba Labbo,
fara a da, yanzu launin nonon da ya kwana.

Arzika mai riwaya bai yi gaggawa ba.
Ya ƙarasa furarsa, ya kife ludayi,
ya ce, "Mi ta yi maka?"
Na ce, "Batir take ci."
Ya ce, "Mota ba ta cin batir.
Batir randa na. In ba a zuba ba, mi za ka sha?"

Ya ɗora na aro, ya maƙala mita:
sha biyu da rabi.
"Tashe ta."
Inji ya yi tari sau biyu, ya kama.
Allura ya kamata ta hau sha huɗu,
sai ta tsaya, ta ma ja da baya
kamar wadda ta hango suruki a zaure.

Ya danna fambel da babban yatsa, ya lotsa.
Ya ɗaure shi da sifana. Shiru.
Kawunan batir sun yi fari kamar kanwa,
ya wanke da ruwan zafin mai shayi. Shiru.
Ya bi wayar at har gindinta,
ya kankare tsatsa. Shiru dai.
Ya kwance altaneta a kan buhu,
burushi da sauransu, nannaɗi bai ƙone ba,
har hanci ya kai, ya shinshina.
Ya ce, "Wagga lahiya tai lau.
Kwana takai. Wa ka tashe ta?"

La'asar ta wuce, inuwar dogon yaro ta ƙaura.
Ya mayar da komai, ya zauna mazaunin Baba,
ya murɗa makulli rabi, bai tayar ba,
ya zuba wa allon ido.
"Ina jar hitila?"

Gurbinta baƙi, kamar giɓin haƙori.
Na ce, ai tana ƙifta mini ido da dare
a hanyar Bodinga, ta hana ni sakat,
sai na cire ƙwan.
"Yaushe?"
"Kafin Azumi."

Bai yi dariya ba, da ma ya yi.
Ya ce, fambel ɗin nan take kuka a kai,
ka toshe mata baki.
Kuma 'yar wutar da ke bi ta cikinta,
ita ce garwashin da ake ɗebowa maƙwabta
kafin murhu ya kama.
Mai gargaɗin, ita ce mai tashin.

Mun same shi a ma'ajiyar toka,
tsakanin busasshen goro da tsohon kwabo,
kayan Baba da ban taɓa zubarwa ba.
Ƙwai bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Ya hure shi, ya mayar.
Ja ta kama. Inji ya tashi. Ja ta mutu.
Allura ta hau, sha huɗu cif,
ta zauna kamar ba ta taɓa barin wurin ba.

Kuɗin shayi kawai ya karɓa, da na sifana.

A hanyar Mabera na tuna bakin Baba:
duba ruwa, duba mai, ka gaida gwaggonka Inno,
ni kuwa ina ƙara muryar rediyo.

Yanzu kullum da safe
nakan murɗa rabi, in dakata,
in bar ta ta faɗi abin da za ta faɗa.
Jiya na biya Gidan Dare.
Inno ta gane ƙarar motar tun daga lungu.